To, Ku Zana Mana Doki

Saƙonninku sun iso, jama'a, kuma duk na karanta. Na wanda ya ce in je in nemi aikin yi ya iso. Na Hajiyar da ta ce ita mahaifiyata take tausaya wa, a ce mace ta yi ta ɗawainiya da ɗa har ya gama jami'a, ya dawo gida da gemunsa yana zana mutane masu ƙwala-ƙwalan idanu, shi ma ya iso. Wani kuma bai wahalar da kansa da dogon bayani ba, cewa ya yi: "Ɗan GRA ne, ƙoshi ke damunsa." Wannan ya fi burge ni, don ya haɗa zagi da fatan alheri a numfashi ɗaya. Allah Ya amsa rabin na ƙoshin, Malam.

Mu fara da GRA ɗin, tunda na ga ita ta fi yi muku daɗin faɗi. E, a GRA ta Gombe nake kwana, amma ku tambayi wane ɗaki. Gidan Bappana ne, ni kuma ina can ƙurya bayan tankin ruwa, a jerin ɗakunan da aka saba ajiye kuku da direba. In baƙo ya zo nemana maigadi ba ya ce masa "shiga", cewa yake "zagaya". Irin wannan unguwa ma ai tun asali ba don ni da ku aka yanka ta ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai kada sauro ya ɗebo zazzaɓi a jikinmu ya kai musu. Turawan sun tafi, sauron ya zauna, kuma ina tabbatar muku bai san bambancin ɗan GRA da ɗan Bolari ba.

Abin da ba ku sani ba, wannan zanen da kuke rainawa shi ya fitar da ni daga GRA. Me za ka zana a nan? Katanga, get, wata katangar, inuwar dogon yaro, maigadi a kan benci da rediyonsa. Kafin ka cika shafi uku ka gama da unguwar. Lokacin da nake rubuta gajerun labarai zalla ba ruwana da fita. Marubuci yana kwance a katifa zai rubuta "Alhaji ya shiga kasuwa", ya wuce abinsa, babu mai riƙe masa riga. Mai karatu ne zai ɗinka wa Alhajin kaya, ya gina masa kasuwar a ransa, kyauta. Mai zane ba shi da wannan gatan. Wace hula ce a kan Alhaji, zanna ce, ko ƙube, ko dara? Kafa ta ya yi ko ya karkato ta goshi? In babbar riga ya sa, ta wace kafaɗa ya fara naɗe ta? Sannan wace kasuwa, Babbar Kasuwa, ko Tsohuwar Kasuwa, ko Tudun Hatsi? Ba rumfunansu ɗaya ba, ba mutanensu ɗaya ba, ko ƙurarsu ba iri ɗaya ba ce. Duk abin da ba ka sani ba, takarda za ta tona maka asiri a gaban jama'a, kuma yaro ɗan firamare ne zai fara nuna wurin da yatsa.

Ga ɗan dako nan a Tudun Hatsi. Duk ɗan Gombe ya sha ganinsa, amma ku rufe ido ku faɗa mini yadda yake ɗaukar babban buhun masara. Wanda na zauna na ƙare wa kallo, mutum biyu ne ke cicciɓa masa, shi kuma ya juya baya ya karɓa a tsakanin wuya da kafaɗa, ya ranƙwafa, hannu ɗaya ya damƙi kunnen buhun, ya tafi da sassarfa, don in ya ce zai yi tafiyar ƙasaita nauyin zai zaunar da shi. Ba ya kallon gaba, ƙasa yake kallo, bakinsa ke share masa hanya. Can gefe ga dillali da ƙarfen nan mai rami, ya soka wa buhu ya zaro ƙwaya a tafin hannu, ya watsa biyu a baki ya tauna don ya ji ko ta bushe. Ga mai awo ya tula tiya har ta yi tozo, ya kare gefenta da hannu, kuma daga yadda ya kare ɗin za ka gane ko saye yake ko sayarwa. Ku da kuka ce ɗan GRA bai san gari ba, cikinku wa ya taɓa lura da wannan? Ni ma ba don fensir ya tilasta mini ba da har yanzu wucewa nake ina toshe hanci saboda ƙaiƙayi.

Wahalar fita zane ɗaya ce: jama'a. Ba ka isa ka buɗe littafi a teburin mai shayi ba sai an yi maka rumfa. Wanda ka zana zai karɓa ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai ka ƙara mini tumbi." Abokansa su leƙo su ce wallahi ragewa ma aka yi. Daga nan an bar maganar zane an koma shari'ar tumbi, shayina ya huce, kuma ni zan biya.

Tunda kun ce zaman banza nake, bari in ba ku lissafin yinina ku duba inda banzar take. Bayan sallar asuba rubutu nake, domin a lokacin ne kan mutum bai cika da hayaniya ba. Labarin zane ma da rubutu yake farawa: shafi kaza, gida na farko ana ganin kaza, wane ya ce kaza. In hantsi ya ɗaga sai in jawo tebur bakin taga, don hasken Allah ne kaɗai ba a ɗaukewa ba sanarwa. Da rana ina neman na sabulu: sitikar biki, kalandar amarya da ango, tambarin mai sayar da turaren wuta, in kakar zaɓe ta zo kuma fostar ɗan takara, wanda kullum roƙonsa a goge masa tamoji a ƙara masa haske. Da yamma akwai yaran maƙwabta da nake yi wa lesin. Sai dare in koma kan nawa, in akwai caji. Da hunturu tawada ke bushewa a bakin alƙalami kafin ta kai takarda, takardar kanta ta yi ta nannaɗewa. Da bazara kuwa, wajen Maris da Afrilu, sai na shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin hannu, in ba haka ba gumi ya ɗiga a fuskar jarumi ya mayar da shi dodo. Launi a waya nake sawa da manhajar ibisPaint, da yatsa, ina zuƙo hoton ina mayarwa har ido ya yi ja. In wannan ne ƙoshi, to a zo a taya ni.

Sai masu cewa aikin yara ne. Madalla. Ga fensir, ga takarda. Ku ba ni labarin ɓarawon akuya a gida shida kacal, ba tare da kun rubuta "sai", "sannan" ko "bayan haka" ba. Nan za ku gane cewa rabin labarin ba a cikin zanen yake ba, yana cikin ɗan farin layin da ke tsakanin gida da gida. A gidan farko mutum ya ɗaga gora. A na biyu wani yana zaune a ƙasa ya dafe ƙeya, hularsa can gefe. Ban zana dukan ba, amma kun ji shi, har wani ya ce "wash". Ku kuka yi dukan da kanku, ni dai na ajiye muku gorar. Sanin abin da za a nuna da abin da za a bar wa mai karatu shi ne sana'ar. Sannan akwai lissafin shafi: abin mamaki ba a sa shi inda ido zai riga labari isa, sai a ɓoye shi a bayan takarda, ya zama sai mutum ya buɗe shafi da hannunsa zai ci karo da shi. Ƙwararrun Amurka da ba su da wata sana'a sai wannan, galibi shafi ɗaya suke gamawa a yini, kuma wani ne ya rubuta, wani zai bi da tawada, wani ya sa launi, wani ya rubuta maganganu. Ni duk ni ne, har da share ɗaki.

Akwai kuma matsalar da Ba'amurke bai san da ita ba. In ka bar Bahaushe ya gaisa yadda ya saba, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna, ya muka ji da zafi, shafi biyu sun tafi ba a fara labari ba. In ka yanke gaisuwar kuma ya zama marar kunya, ba wanda zai yarda ɗan mutunci ne. Mafitar da na samu ita ce gida ɗaya: takalma a bakin ƙofa, saurayi a tsugune, dattijo ya miƙo hannu shi kuma ya noƙe nasa. Ba kalma ko ɗaya, amma kowa ya ji gaisuwar har ƙarshenta. A wajen ƙara da motsi kuwa harshenmu ya gama yi mana gata. Abu ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsundum, an kwaɗa mari tas, ya miƙe zumbur, ya fice fit, ƙofa ta rufu garam. Kakanninmu da ke ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a tsakar gida sun riga sun tanadar mana duk wannan, ɗauka kawai muke mu rubuta da manyan baƙaƙe. Abin da ke ba ni ciwon kai shi ne yawancin salon rubutun kwamfuta da aka yi don labarin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka sa jarumi ya daka tsawa ya ce a ɓace masa da gani, sai ka ga ɗan akwati fanko a inda harafin yake. Shi ya sa nake rubuta maganganun da hannu, ko in bi kowace ƙugiya in laƙaba mata.

Ga mai son hujja daga waje kuma, wani Ba'amurke, Art Spiegelman, ya zana labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya yi Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. Littafin, Maus, ya samu kyautar Pulitzer a 1992. Ku ba ɗan shekara bakwai shi ku ga ko zai yi barci. A Japan magidanta da furfurarsu ke karanta manga a jirgin ƙasa, ba wanda ke tausaya wa iyayensu. Manga ɗin nan ma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, don haka duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ɗan boko iya riƙe shi.

"To ai abin Turawa ne, ba al'adarmu ba ce." Wa ya faɗa? Ɗaga hannu in gan ka. Kai ne jiya ka hana unguwa barci saboda Arsenal? Ko ke ce ba ki iya cin tuwon dare sai da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa? Ku ne fa kuka cika gidajen kallo kuna ihu lokacin Black Panther a 2018, fim ɗin da ya tara sama da dala biliyan 1.3, alhali jarumin a littafin zane aka haife shi tun 1966, a hannun Stan Lee da Jack Kirby. Kun ci tuwon kun ce ba ku san dawa ba. Kuma ku tuna da kyau: ranar da aka fara miƙa muku Magana Jari Ce a aji, me kuka fara yi? Kun fara karanta gabatarwa ne, ko kun bi shafi-shafi kuna neman inda aka zana aku? Waɗanda suka tashi a shekarun 2000, wa bai yi rububin Supa Strikas ba, da tauraronsu Shegs Okoro? Papa Ajasco da kuka sha dariyarsa a talabijin, a mujallar zane ta Ikebe Super ya fara, wadda Wale Adenuga ya kafa a 1976. Yau ɗin nan, in Mustapha Bulama ya yi zanensa a Daily Trust ya caccaki masu mulki, ku ne kan gaba wajen turawa a WhatsApp kuna cewa "wannan ya gama magana". Ashe in zane ya taɓa gwamnati hikima ne, in ɗan unguwarku ya yi shi kuma shiririta.

Abin da ya fi ci mini rai ban ma faɗa ba tukuna. A 2017 Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da littafin zane mai suna Malika: Warrior Queen, kuma bai ɓoye ba cewa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya samo jarumarsa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka, ya kuma yi aiki mai kyau. A Legas kamfanin Comic Republic na fitar da jarumansa tun 2013, ana taron masu wannan sana'a duk shekara tun 2012, kuma a Fabrairun 2024 kamfanin Kugali ya fitar da Iwájú tare da Disney, labarin Legas ta nan gaba. Mu kuwa da muke da Bayajidda da macijiyar Kusugu, da Gandoki, da Iliya Ɗan Maiƙarfi, da tulin littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini waɗanda samari ke haya suna kwana a kansu, muna zaune muna tambayar mai fensir yaushe zai yi hankali. Ranar da wani daga nesa ya zana mana Amina da shigar da ko a mafarki Bazazzagiya ba ta taɓa yi ba, ku ne za ku fara kumfar baki a Facebook kuna cewa an ɓata mana tarihi.

Shi ya sa aikin da ke kan teburina yanzu ban je da nisa nemansa ba. Bormi ce, nan ƙasar Funakaye kusa da Bajoga. Bayan Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa da mata da yara. A watan Mayu sojojin Turawa suka taɓa Bormi aka kora su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, aka yini ana gwabzawa, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe. Duk wannan a jiharmu aka yi, kabarin Sarkin yana nan, amma ku tare ɗan sakandare a Pantami ku tambaye shi Bormi, sannan ku tambaye shi jarumin manga Naruto, ku ga wanne zai ba ku tarihinsa har da sunan kakanni. Ni ta bakin wani yaro mai yankan ciyawar doki nake ba da labarin, yaron da na ƙirƙira, wanda ya biyo ayarin ba don ya fahimci hijira ba sai don dokin da yake kula da shi ya tafi.

Dokin nan kuwa shi ne ya kusa sa ni kuka. Ku da kuka ce wasan yara ne, na roƙe ku, ku zana mana doki. Ba a tsaye ba, a guje. Wace ƙafa ce a ƙasa, wace ce a sama? Ƙafar baya ta ina take lanƙwashewa? Kuskure kaɗan ya koma kare, ka gyara ya koma akuya. In ka samu dokin ya tsaya da ƙafafunsa, saura kaya: linzami, ragama, sirdi, majayi, likkafa, jalala, ga lifidi da sulke da kwalkwali na mayaƙa. Da hawan sallah, lokacin da kowa ke miƙa wuya ya hango Mai Martaba, ni ina tsugune ina kallon yadda ƙafar mahayi ke zama a cikin likkafa da yadda doki ke tattara ƙafafun baya in an ja masa linzami ya yi zamiya. Wani dogari har ya tambaye ni ko wani abu na yar. Kuma ko wannan bai wadatar ba, don dokin sallah ƙosasshe ne ya sha ado, na Bormi kuwa ya yi wata huɗu yana tafiya, damina ta same shi a hanya. Dole haƙarƙarinsa ya fito, dole jalalar ta koɗe, rigar mahayin ta yi jirwaye. Wanda ya zana mutanen Attahiru da ƙyalƙyalin hawan daushe ya yi musu ƙarya, ko da niyyarsa girmamawa ce.

Akwai wurin da zanen ya tsayar da ni cak. A baki muna cewa "Turawa suka ci Bormi", mu wuce. Da na zo zana sahun masu harbi, sai tambaya ta taso: fuskokin wa zan sa? Turawan 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. Sauran sojojin rundunar, masu riƙe da bindigogi da masu jan bindiga mai ruwa, baƙaƙen fata ne 'yan ƙasar nan, da yawansu ma Hausa suke ji, da ita ake ba su umarni. Jimla tana iya ɓoye wannan, hoto ba ya iyawa. Sai ka zana mutum mai kama da kawunka a wannan sahu, ka zana mai kama da shi a wancan, ka sa su kalli juna. Na daɗe a kan wannan shafin fiye da kowanne, kuma shi nake so in ga fuskarku ranar da kuka buɗe shi.

Masu yi mini maganar hukuncin zana mai rai, ku kam ba zan zolaye ku ba, don maganarku ta malamai ce, akwai hadisai a kanta, malamai sun yi bayani, sun kuma saɓa a wasu rassanta. Ni ba mai fatawa ba ne, ina tambaya ina kuma sauraro. Annabawa da sahabbai fensirina ba ya zuwa kusa da su, Sarkin Musulmi ma a bayan amawali na bar fuskarsa. Roƙona ɗaya: wanda zai turo mini nasiha ya daina rufe ta da sitikar katun mai hawaye.

Saura kuɗi, inda kuka fi ƙarfi. "Nawa ka samu?" Kaɗan. Kun ji daɗi? Sana'ar nan ta saba cin masu ita: Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiri Superman, dala 130 aka ba su a 1938 suka sallama shi ɗungurungum, suka tsufa suna shari'a. Ta kuma saba yi wa wasu riga da wando: Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, an buga fiye da kwafi miliyan 500. Ni ban sa rai da na biyun ba, ina dai addu'ar kauce wa na farkon. Kuma kafin ku ce daga Gombe ba a zuwa ko'ina da alƙalami, Helon Habila ɗan Kaltungo ne. Da kansa ya buga tarin labaransa a Legas a 2000, labari ɗaya daga ciki ya ci kyautar Caine a 2001, yau yana koyar da rubutu a Jami'ar George Mason a Amurka. Na tabbata shi ma akwai Hajiyar da ta tausaya wa mahaifiyarsa.

Lissafin bugu kuwa ga shi. Takarda ɗaya in an ninke ta shafi 4 take bayarwa, don haka littafi sai ya zama shafi 24, ko 28, ko 32, ba ka isa ka ce 30 ba sai ka biya kuɗin fanko. Mai launi sau huɗu ake bi ta kansa, kowane launi da nasa zubin, baƙi da fari kuwa sau ɗaya. Saboda haka bango ne kawai zai sha launi, ciki baƙi da fari, yadda Japanawa ke yi ba tare da sun ji kunya ba. Sai kuma babbar tambaya, wa zai saya? Nan ne nake so ku matso kusa. Marubutanmu mata da ke sayar da littattafansu ta waya sun san ku sarai: mutum ɗaya ya biya, kafin magariba littafin ya zaga rukuni goma, har da mai yi wa marubuciyar gyaran labari alhali ko sisi bai ba ta ba. Wanda ya fi kowa tambayata "nawa ka samu" shi ne wanda ya fara rubuto mini, "Malam, in ya fito a turo mana PDF." Kai ne ramin da ke cikin aljihun, kana kuma tambayar ina kuɗin suka zube.

Na bar taubashina Babarbare a ƙarshe da gangan, don ba a sallamar bara alhali baƙi na tsaye. Shi ne ya aiko cewa duk ranar da aka ga Bafulatani ya zauna wuri ɗaya tun hantsi har la'asar yana kallon takarda, to shanun ne suka ƙare. Na ji, ɗan Goggo. Ina da labari mai daɗi gare ka. A shafin da aka kori sojoji a watan Mayu ina bukatar mutum ɗaya a gaba-gaba, wanda ya yar da bindiga, jar dararsa ta tashi sama, ya riƙe wando da hannu ɗaya yana gudu yana waiwaye. Na nemi fuskar da ta dace a Tudun Hatsi, na nema a tashar Dukku, ban samu ba, sai da na buɗe hoton ɗaurin aurenka. Na riga na yi fensir, saura tawada. In kana so a sauya, kuɗin kwafi goma ne, a biya kafin bugu, kuma ka zo ranar Asabar ka riƙe mini dokin maƙwabcinku ya tsaya wuri ɗaya. In ka iso get kada ka tsaya yi wa maigadi Barbarci, ka ce wurin mai zane ka zo, zai nuna maka ta inda ake bi.